Yadda ake adana kayan miya da kayan gwari a firij inda wuta ba ta zama

Duk wadda ke girki a ƙauyukan Kura, Bunkure ko Garun Malam ta san halin kayan gwari. Idan noman rani ya nuna, wajen Janairu zuwa Maris, kwandunan tumatir sukan cika kasuwar Kwanar Gafan har a rasa masaya. Damina na kankama kuma sai ki tarar da 'yan ƙwayoyi a kashi ɗaya, a faɗi kuɗinsu sai kin sake tambaya. Firij zai sa ki mori wannan arha, uwargida, amma sai kin riƙe abu biyu. Na farko, sanyi ba ya kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci, kwantar da su kawai yake yi, da ɗumi ya dawo su farka su ci gaba. Na biyu, wutarmu ta karkara ba ta da alƙawari. Saboda haka duk abin da zan nuna miki na tsara shi ne da sanin cewa za a ɗauke wuta, kuma tana iya kwana biyu ba ta dawo ba.

Kayan da za ki tanada

Robobi masu murfin da ke kamawa sosai, manya da ƙanana. Robar bota da aka wanke tas ta wadatar, amma ban da bokitin fenti ko jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, ko sau nawa aka wanke ta.
Kwalabe masu faɗin baki, irin na bama.
Farar leda ta ƙulli. Baƙar leda ta cefane ce, kada abinci mai ruwa ko mai zafi ya taɓa ta.
Gorunan ruwa na roba, huɗu zuwa shida.
Kwandon tsane kaya, tire mai ɗan zurfi, da ƙyallayen atamfa masu tsabta.
Salatif na takarda da biro don rubuta rana.
Gawayi 'yan dunƙule, lemon tsami da sabulun wanke-wanke.
Ƙaramin kofin roba da wankakkiyar tsakuwa ɗaya.
In da hali, sitabilaiza da ma'aunin sanyi na firij.

1. Mazauni da saiti

Ki ajiye shi a inuwa, nesa da murhu da tagar da rana ke faɗowa, ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, don ta baya yake fitar da zafi. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, firij ɗin da aka matse a lungu yini zai yi yana gurnani bai yi sanyin kirki ba. Idan ƙasan ɗakin na da danshi, a ɗora shi kan katako. Idan kuma yanzu aka sauke shi daga mota, a bar shi tsaye awa huɗu kafin a jona, man injinsa ya koma mazauninsa.

Sanyin da ake nema a cikin firij digiri 4 ne ko ƙasa kaɗan, a firiza kuwa 18 ƙasa da sifili. Ɗan maɓallin nan mai lambobi, a yawancin firij babbar lamba ita ce ƙarin sanyi. Ki bar shi tsakiya da hunturu, ki ƙara da bazara.

Da an ɗauke wuta ki kashe soket, in ta dawo ki jira minti biyar kafin ki kunna. Ranar da kika ga ƙwan fitila ya yi ja, fanka na juyawa da ƙyar, kuma ba ki da sitabilaiza, cire firij ɗin gaba ɗaya. Wuta mara ƙarfi ta fi rashin wuta kashe inji.

2. Ki fara tara sanyi kafin ki sa abinci

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ne zai cece ki. Ki cika gorunan nan da ruwa, ki bar ɗan wuri a wuya domin ruwa na kumbura in ya daskare, ki jera su a firiza su zama ƙanƙara. Ko wuri ya yi miki kaɗan kada ki fitar da su. Su ne za su riƙe miki sanyi idan wuta ta tafi. Kada ki yi wannan da kwalbar gilashi, fashewa take yi.

Sai ki cika ƙaramin kofin nan da ruwa ya daskare, ki ɗora tsakuwar a kai ki mayar. Amfaninta na nan tafe a mataki na takwas.

3. Ki ware abin da ba ya son firij

Firij ba rumbu ba ne. Amare da yawa da an kawo musu shi cikin kayan ɗaki sai su kwashe duk abin da ke kicin su cusa, iska ta rasa hanyar zagayawa, sanyi ya ragu, kayan ma su lalace.

Kuka, garin kuɓewa, karkashi, yaji, barkono, masoro, kanumfari, kimba, dunƙulen magi da gishiri, duk bushewa ce ke riƙe su. Cikin firij akwai danshi, kuma duk fitowar da kwalba ta yi sai ta yi gumi. Nan da nan garin kuka ya dunƙule, yaji ya yi fumfuna. A kwalba mai murfi a kan kanta suka fi daɗewa. Busasshiyar daddawa ma haka. In sabuwa ce da sauran laushi, ki ƙara shanya ta. In dole sai ta shiga firij, to a kwalba a rufe gam, in ba haka ba ruwan shanku da kindirmonku duk sai sun ɗauki ƙamshinta.

Albasar da ba a yanka ba a shimfiɗa ta inda iska ke ratsawa. Tafarnuwa tsiro take yi a firij. Dankalin Hausa, doya, rogo da makani sanyi na ɓata cikinsu, dankalin Turawa kuma ya koma zaƙi-zaƙi, ya yi baƙi wurin suya. Ayaba bawonta baƙi yake yi. Mangwaro da gwanda sai sun nuna a waje tukuna. Manja daskarewa yake yi, zuma ta yi tsakuwa-tsakuwa, kuma babu wanda ke buƙatar sanyi a cikinsu. Soyayyen man shanu na zama a waje, ɗanyensa ne ke shiga firij.

Abu biyu na ware daga busassun kaya: niƙaƙƙiyar gyaɗar miya da agushi. Suna da mai, zafi na sa su ɗaci da warin tsufa, don haka a ƙulle su da kyau a sa a firiza.

4. Markaɗe

A nan ribar firij take. Kwandon tumatir ba zai shiga firij ɗanye ba, amma in an markaɗa an ƙone ruwansa zai koma 'yan ƙulli kaɗan da za su kai ki damina.

Ki zauna ki tsince. Wanda ya fashe yau-yau ana iya yanke gefen a yi amfani da shi. Wanda ya yi laushi yana tsiyaya, ko kika ga farar fumfuna ko baƙin tabo mai zurfi, ki zubar da shi gaba ɗaya, domin a abu mai ruwa fumfuna na ratsawa ciki fiye da inda ido ke gani. Ƙwaya biyu ruɓaɓɓu sun isa su tsamar da tukunya guda. Ki wanke sau biyu, ki cire hancin attaruhu, ki buɗe tattasai ki zubar da 'ya'yan, kina duba cikinsa, don sau da yawa bayansa lafiya lau cikinsa kuma ya yi baƙi. Albasa kaɗan nake sawa a markaɗen ajiya, na fi son in yanka sabuwa ranar girki.

In injin markaɗe za a kai, a tafi da bokiti mai murfi, a roƙi mai injin ya ɗauraye shi kafin ya zuba naki, kuma kada ya cika ruwa. Yaron da aka aika ya dawo kai tsaye. Ɗanyen markaɗe in ya yi awa biyu a rana ya fara kumfa.

Ki ɗora a faffaɗar tukunya, wuta sosai, ba murfi. Da farko zai taso da kumfa mai ruwan hoda. Can sai kumfar ta kwanta, launin ya koma ja mai duhu, ya fara tsalle yana fantsamo miki a hannu. Daga nan ki rage wuta, kina juyawa kada ya kama. Alamar ya yi ita ce ki ja ludayi a gindin tukunya ki ga hanya ta buɗe, ba ta rufe nan take ba. In kina so ki zuba man gyaɗa da gishiri ki soya har man ya taso sama. Kanwar da ake jefawa don kashe tsami ki bar ta sai ranar girki, domin ɗan tsamin nan na tumatir yana cikin abin da ke kare shi.

Kada ki sa shi da zafinsa a firij, kada kuma ki bar shi ya kwana a tukunya wai yana hucewa. Ki juye a tire mai faɗi, ko ki tsoma gindin tukunyar a bahon ruwa kina juyawa. Ƙa'idar ita ce dafaffen abu kada ya wuce awa biyu a waje, da bazara ma awa ɗaya.

Sai ƙulli. Kowane ƙulli ya zama na miya ɗaya daidai gidanki. Ki fitar da iska, ki ƙulle, ki danne shi ya yi faɗi kamar tafin hannu, don ya fi saurin daskarewa da saurin narkewa. Ki rubuta rana ki manna. Wanda za ki ci cikin kwana uku zuwa huɗu ya zauna a roba a cikin firij, sauran duk firiza, inda zai kai wata uku in sanyi bai yanke ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba duka a babbar roba ɗaya, kullum a fito da ita ta narke a ɗiba a mayar. Haka cokalin ɗiba, ya zama busasshe mai tsabta, ba wanda aka ɗanɗana miya da shi ba.

Jajjagen citta da tafarnuwa ki zuba a farantin ƙanƙara mai gida-gida, in ya daskare ki ɓalle ki tara a leda, kina ɗaukar ɗaya-ɗaya. In kin haɗa tafarnuwa da mai, kada ta zauna a waje ko kaɗan, a firij ma kwana huɗu. Akwai ƙwayar cuta mai haɗari da ke yaɗuwa a ƙarƙashin mai inda iska ba ta shiga, kuma ba ta canza wari. Tumatirin gwangwani da aka buɗe a juye shi a kwalba, a ɗan zuba mai a samansa, a cinye cikin kwana biyar.

5. Ɗanyen kayan gwari da ganye

Ruwa ne abokin gabarsu. Kada ki wanke sai za ki yi amfani, in kuwa sun zo da laka kin wanke, to su bushe sarai a kan ƙyalle kafin su shiga.

Tumatir mai sauran kore ko ruwan ɗorawa a bar shi a inuwa, sanyi na hana shi nuna ya kashe masa ɗanɗano. Wanda ya nuna jajir shi ke shiga aljihun ƙasa na 'yan kwanaki. Attaruhu da tattasai da hancinsu, a leda mai 'yan huji, sukan yi mako ɗaya ko fiye. Attaruhu ma yana daskarewa lafiya: a wanke, a tsane, a cire hanci, a sa a firiza, a jajjaga shi da ƙanƙararsa.

Alayyahu, zogale, yakuwa da rama ki tsince ki naɗe a ƙyalle, ki sa a leda ba tare da kin ƙulle bakin gam ba. In kin ga raɓa ta taru a cikin ledar, canza ƙyallen. Kwana biyu zuwa uku ke nan. Kada su jingina da bangon baya, nan ne ganye ke daskarewa ya dawo baƙi ya saki ruwa. Kada kuma su zauna kusa da nunannen tumatir ko mangwaro, don waɗannan na fitar da wata iska da ke sa ganye rawaya da wuri. In ganyen ya yi yawa, ki tsoma a tafasasshen ruwa minti biyu, ki tsame ki sa a ruwan sanyi, ki matse ki dunƙula, sai firiza.

Ɗanyar kuɓewa kwana biyu zuwa uku take yi kafin ta fara baƙi. Karas a yanke ganyen kansa. Kabeji ya fi kowa haƙuri, yakan haura mako biyu. Kabewa da kankana in an yanka a rufe fuskar, ita kabewa a kwashe 'ya'yan. Ragowar albasa a roba mai murfi.

6. Nama, kifi da ƙwai

Ɗanyen nama a kan tire, a rufe, a can ƙasa, yadda jininsa ba zai ɗiga kan komai ba. Tsokar saniya ko ta rago kwana uku, ni ba na yarda ta wuce haka a wutarmu. Kaza, kifi, niƙaƙƙen nama da kayan ciki kwana ɗaya zuwa biyu. Abin da ya wuce wannan a kasa shi girki-girki a sa a firiza. Tarwaɗa ko karfasa, ko ta Hadeja ce ko ta Tiga, a fasa ciki a wanke yauƙin da lemon tsami ko gishiri tun kafin a ajiye. Bandar kifi kuwa a damina fumfuna take yi, a ƙara gasa ta a ƙulle a sa a firiza.

Da Babbar Sallah ake asarar nama mafi yawa. A yanka rago a loda shi da ɗuminsa a firiza, gefe ya daskare tsakiya na nan da ɗumi, in wuta ta tafi a daren shi ke nan. Kayan ciki a dafa su a ranar. Mafi yawan naman a soya shi ya bushe kamar yadda iyayenmu ke yi, ko a yi dambu. Ɗan abin da aka ware na miya shi za a shimfiɗa falle-falle a firiza.

Za ki narkar da nama, ki sauko da shi cikin firij tun dare, ko ki tsoma ƙullin a ruwan sanyi kina canzawa. Ba a shanya shi a rana.

Ƙwan gida, na kaza ko na zabi da ke yawa da damina, kada a wanke shi sai za a fasa, akwai wani siririn rufi a bawonsa da ke tare ƙwayoyin cuta. In ya shiga firij ya ci gaba da zama a ciki. In kina shakka ki sa shi a ruwa, wanda ya taso sama a zubar.

7. Nono, kunu da ragowar abinci, da yadda ake jeri

Madarar shanu da aka tatso a tafasa ta kafin komai, firij ba ya kawar da cutar da ake ɗauka daga ɗanyar madara. Kindirmo a rufe a tsakiyar firij, ba a ƙofa ba, don ƙofa ce ta fi ko'ina ɗumi. Fura a ƙulle ta kada ta bushe, a dama daidai wadda za a sha. Kunun aya ya fi komai saurin juyawa, kwana ɗaya zuwa biyu ko a sanyi, in na sayarwa ne a daskarar da shi. Zoɓo ya fi shi jurewa saboda tsaminsa. Ƙullun ƙosai da na alale kwana ɗaya. Ɗanyar awara a cikin ruwa a rufe, ana canza ruwan kullum.

Miya da sauran dafaffen abinci kwana uku zuwa huɗu. Shinkafa a huce ta da wuri a cinye washegari. Wurin ɗumame a ɗebi wanda za a ci kawai, miya ta tafasa sosai, tuwo ya yi zafi har cikinsa.

Jerin kuwa: dafaffe a sama, nono da ƙwai a tsakiya, ɗanyen nama a ƙasa, ganye a aljihu, ruwa da lemo a ƙofa. Tsoho a gaba, sabo a baya.

A ƙauye firij ɗaya na unguwa ne, maƙwabta za su aiko da ajiya, kuma ba a hanawa. Abin da nake roƙo kawai shi ne komai ya zo a rufe. Allurar masu ciwon suga a tsakiyar firij take zama, in ta daskare ta lalace. Rigakafin kaji ko na dabbobi a sa shi a robarsa daban mai murfi, nesa da abinci.

8. Idan an ɗauke wuta

Ki kwaso goruna biyu ko uku masu ƙanƙara ki ɗora a saman firij daga ciki, sanyi ƙasa yake sauka. Sai ki rufe, ki hana yara buɗewa. Ruwan sha a koma randa. Firij da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya awa 48, wadda take rabi awa 24. Ana iya lulluɓa firiza da bargo, a yaye da wuta ta dawo. In abin ya yi tsawo a sayo ƙanƙara a haɗa nama da nono a cikin kula. Ƙaramin janareta ba lallai ya iya tayar da firij ba, don lokacin tashi yake jan wuta mai yawa.

In kin yi tafiya kin dawo, duba kofin nan. Tsakuwa na sama, sanyi bai yanke ba. Ta nutse tsakiya, an ɗan narke. Kin same ta a gindin kofi, to komai ya narke ya sake daskarewa, kada ki amince da naman da ke ciki.

Naman da ke da sauran ƙanƙara a jikinsa ana iya mayarwa. Wanda ya narke amma da sanyinsa a dafa yanzu. Wanda ya yi ɗumi a zubar, kuma kada a gwada da harshe. Na san zubar da nama na da ciwo, amma ba duk abin da ke sa amai da gudawa ne ke wari ba, kuma yara da tsofaffi da masu ciki su ya fi kayarwa.

9. Wanki

Duk mako biyu a cire soket, a fitar da komai, a goge da ruwan ɗumi da sabulu, a bi da ruwan lemon tsami, a tsane. Gawayi a ƙaramin kwano yana tsotse wari, a canza shi duk wata. Ƙanƙarar da ta yi kauri a bango a sa kwanon ruwan zafi a rufe ta saki da kanta. Kada a sa wuƙa, da ta huda bututun gas aikin ya koma na mai gyara. Robar bakin ƙofa a gwada ta da takardar kuɗi: a rufe ƙofar a kanta a ja, in ta zare salin-alin sanyi na zurarewa, a canza robar.

Idan babu firij, ko wuta ta yi nisan kwana

Tumatir a yanka a shanya ya zama kauɗa, tattasai da kuɓewa ma haka, zogale kuma a inuwa. Sai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse, ya yaɗa a ƙauyukanmu har ta samo masa lambar yabo ta kamfanin Rolex a shekarar 2000. A samu tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan gwari a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara ko ƙyalle. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa yana tafiya da zafin ciki. A gwajinsa yalon da ke lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi mako uku. A ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa, a ƙara ruwa safe da yamma. Da rani da hunturu ta fi aiki, da damina iska na da laima sai sanyin ya ragu. Ta kayan gwari ce kawai, sanyinta bai kai na nama, kifi ko madara ba.